Labarin Shuɗɗan Jiragen Birnin Gilasgo

Jiragen ƙasa iri iri ne, kowane da aikinsa. Akwai na dogon zango, wanda ya kan kwana bisa hanya kafin ya kai inda za shi. Akwai na kaya, mai jan kwal da katako da hatsi, wanda ba ya gaggawa. Akwai kuma iri na uku, wanda ba a cika ba da labarinsa ba, watau jirgin ma'aikata. Shi wannan ba ya nisa. Da sassafe ya kan kwaso mutane daga unguwannin bayan gari ya kai su wurin aiki cikin birni, da yamma ya mai da su gida, kashegari ya sāke. In ya makara da minti goma, magini ya makara, akawu ya makara, ɗan makaranta ya tarar an shiga aji. Don haka manyan birane na ƙasashen Turai ba abin da su ke tattali kamarsa.

Yau za mu ba ku labarin wani rukuni na irin jiragen nan, masu tafiya da lantarki, waɗanda suka yi wa birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan bauta shekara 42, daga 1960 zuwa 2002. A littafin hukumar reluwe an fara kiransu AM3, daga baya aka ba su lamba 303. Amma mutanen gari ba ruwansu da lamba. Su dai Shuɗɗan Jirage su ke ce musu, saboda launin fentin da suka zo da shi. Ku karanta da natsuwa, 'yan makaranta, don cikin labarin nan akwai murna, akwai kunya, akwai kuma gyara bayan ɓarna.

BIRNIN TURURI DA HAYAƘI

Gilasgo tana bakin Kogin Clyde, a yammacin Sikotlan. Ita ce birni mafi girma a ƙasar, a ƙidayar 1951 mutanenta sun haura 1,000,000. In ana maganar tururi kuwa, nan ne gidansa. A jami'ar birnin ne James Watt ya ke aikin gyaran kayan awo sa'ad da, a 1765, ya gano dabarar da ta sa injin tururi ya daina cin kwal a banza. A unguwar Springburn a ke ƙera kawunan jirgin ƙasa ana kai su Indiya da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe, har da Nijeriya. A Clydebank, can gaba kaɗan bakin kogin, aka ƙera manyan jiragen ruwan nan Queen Mary da Queen Elizabeth. A nan kuma kamfanin Singer ya kafa babbar ma'aikatarsa ta keken ɗinki, har tashar jirgin da ke kusa da ita ta ci sunan Singer.

To, duk dubban mutanen da ke aiki a wuraren nan dole a kai su a komo da su kullum. Tun 1886 aka haƙa hanyar dogo ta ƙarƙashin tsakiyar birni, daga gabas zuwa yamma, ta bi ta ƙasan tashar Queen Street. Jiragen kwal ne ke binta. Ku auna da kanku yadda hayaƙi zai zama cikin rami wanda ba shi da mafita sosai, ga jirgi na bin jirgi tun asuba har dare. Bango ya yi baƙi ƙirin, fitilu sun dushe, mai farar riga in ya tsaya jiran jirgi sai ya fito da tabon toka. Shekara 70 da 'yan kai mutanen Gilasgo suna haƙuri da wannan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amari ya sāke. Hukumar birni ta shiga rushe tsofaffin gidaje masu cunkoso na cikin gari, tana gina sababbin unguwanni a gefe, irin su Drumchapel a yamma da Easterhouse a gabas. Mutane suka yi nisa da wurin aikinsu. Motocin haya da taragun titi masu lantarki suka cika hanyoyi, suka kwashe wa reluwe fasinja, don ba mai son shiga ramin hayaƙi in yana da wata hanya. A 1951 wani kwamiti wanda Sir Robert Inglis ya shugabanta ya ba da shawara a sa wa hanyoyin dogo na kewayen birnin lantarki. A 1955, da hukumar reluwe ta Biritaniya ta fito da babban shirinta na sabunta jirage, sai aka sa Gilasgo ciki.

WACE IRIN WUTA ZA A SA?

Kafin mu ci gaba, sai ku fahimci wani abu game da lantarki, don shi ne mabuɗin abin da ya faru daga baya. Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai miƙaƙƙiya, mai bin waya ta fuska ɗaya kamar ruwa cikin kwata. Akwai kuma mai kai da komowa, wadda a Biritaniya ta kan je ta dawo sau 50 cikin sakan guda. Ƙarfin turawar wuta kuwa da bolt a ke aunawa. Jiragen lantarki na kudancin Landan miƙaƙƙiya su ke sha, mai bolt 600 zuwa 750, daga wani dogo na uku da a ke shimfiɗawa kusa da na tafiya. Waɗansu hanyoyi kuma suna da waya a sama mai bolt 1,500.

Wahalar wuta mai ƙarancin bolt ita ce ba ta nisa sai ta raunana. Dole a yi waya mai kauri, a kuma gina gidajen ƙara wuta kusa kusa, duk kuwa kuɗi ne. Injiniyoyin Faransa suka gwada wata dabara, suka ga ta yi: a ɗauko wuta mai kai da komowa irin wadda gari duka ke sha, a sa ta cikin wayar sama da ƙarfin bolt 25,000. Da haka siririyar waya ta isa, gidajen wuta kuma kaɗan sun wadatar. A 1956 Biritaniya ta yanke shawara ita ma wannan za ta bi nan gaba.

Amma kowace dabara da nata nauyi. Na farko, injin da ke juya ƙafafun jirgi a zamanin nan miƙaƙƙiyar wuta ya ke so, mai ƙarfi kaɗan. Saboda haka dole kowane jirgi ya ɗauki tiransifoma, watau tukunyar ƙarfe cike da mai, da wayar jan ƙarfe nannaɗe ciki, wadda za ta rage ƙarfin wutar. Dole kuma ya ɗauki wata na'ura mai miƙar da wuta, wadda a lokacin da tururin zaiba ta ke aiki. Na biyu, wuta mai bolt 25,000 ta kan yi tsalle ta kama abin da ke kusa da ita ko ba a taɓa ta ba. Ramukan Gilasgo da gadojinta an gina su ne don jirgin kwal, rufinsu ba tsawo. Sai aka ce cikin birni a rage wutar zuwa bolt 6,250, a bayan gari a bar ta 25,000. Aka dasa maganaɗisu a gefen dogo wurin da wutar ke sākewa, aka sa wa kowane jirgi na'urar da za ta ji maganaɗisun ta juya da kanta, ba sai direba ya sa hannu ba. Ku riƙe abubuwan nan uku: tiransifoma, da mai miƙar da wuta, da mai juyawa.

SIFFAR JIRAGEN

Kamfanin Pressed Steel ne ya ƙera jiragen a ma'aikatarsa ta Linwood, kusa da Paisley, tsakanin 1959 da 1961. Kayan wutar kuwa na kamfanin Metropolitan-Vickers ne na Manchesta. An yi jeri 91, kowane jeri taragu uku, watau taragu 273 ke nan. Ba su da kan jirgi dabam mai jan su. Tarago na tsakiya shi ke ɗauke da inji huɗu a ƙarƙashinsa, ƙarfinsu duka ya fi na doki 800, bisa rufinsa kuma akwai wani hannu na ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke miƙewa ya shafi wayar sama. Taragu biyu na gefe kowane yana da ɗakin direba. In jirgi ya kai ƙarshen hanya ba a juya shi, direba ne kawai zai sauka ya taka zuwa ɗaya gefen. Lokacin cunkoso a kan haɗa jeri biyu su zama taragu shida, direba ɗaya ya tuƙa. Iyakar gudunsu mil 75 cikin awa, kowane jeri kuwa yana da wurin zaman mutum fiye da 200.

Abin da ya fi ba mutane sha'awa abu uku ne. Na ɗaya, ƙofofi. Jiragen ma'aikata na Biritaniya a lokacin yawancinsu ƙofofin hannu gare su, birjik a jikin tarago, fasinja ya buɗe ya bugo da kansa. Waɗannan kuwa ƙofofinsu zamewa su ke yi gefe da ƙarfin iska, gadi ke rufe su gaba ɗaya, ba mai iya buɗewa jirgi na tafiya. Na biyu, gilashin gaba, wanda aka lanƙwasa ya zagayo kusurwar tarago, har fuskar jirgin ta yi kyan gani. Na uku, bangon da ke tsakanin direba da fasinja shi ma gilashi ne. Wanda ya sami kujerar gaba sai ya ga dogo na tahowa, ya ga sigina na sāke launi, ya ga hannun direba. Yaran Gilasgo har rige-rige su ke yi don kujerar nan.

Fentin kuma da dalilinsa. Kafin 1923 akwai wani kamfanin reluwe na Sikotlan mai suna Caledonian, wanda ya ke shafa wa kawunan jiragensa shuɗi mai haske, tsofaffi ba su manta ba. Shi aka ɗauko aka shafa wa sababbin jiragen, alhali sauran jiragen lantarki na ƙasar kore a ke yi musu. Cikin gari mai baƙin bango, abu shuɗi fes ya fito daga rami ba hayaƙi ba tari, ai dole a ba shi suna.

MAKO SHIDA

Ran Asabar 5 ga Nuwamba 1960 aka yi bikin buɗewa, ran Litinin 7 ga wata aiki ya kankama. Hanyar ta tashi daga Airdrie a gabas, ta ratsa ƙarƙashin birni, ta bi arewacin kogi har Helensburgh a bakin teku, da rassa zuwa Springburn, da Bridgeton, da Milngavie, da Balloch a bakin tafkin Lomond. Duka kimanin mil 50 ne. Jirage suka riƙa zuwa a kan ƙa'ida, mintocin tashinsu ɗaya kowace awa, har mutum ba ya bukatar duba takardar lokaci. Fasinja suka ƙaru ƙwarai. Aka janye kawunan jirgin kwal, direbobi suka koma sabon aiki.

Ashe da sauran magana. Tun ana gwaji, kafin buɗewa, wata tiransifoma ta taɓa fashewa, aka yi ɗan gyara, aka ɗauka abin ya wuce. Ran 13 ga Disamba, a Renton, bisa reshen Balloch, sai kayan wutar wani jirgi suka fashe a tarago na tsakiya, kusa da ɗakin gadi, alhali da fasinja ciki. Mutane suka ji rauni, waɗansu ƙwarai. Kafin mako ya ƙare wata ta sāke lalacewa. Nan fa shugabannin reluwe na Sikotlan suka tsaya tsakanin abu biyu, kowane da ɗaci. In sun bar jiragen suna tafiya kafin a gano cutar, wataƙila fashewa ta gaba ta ɗauki rai. In sun janye su, ga kunya a idon duniya bayan duk bikin da aka yi, ga dubban ma'aikata da za su tsaya a tasha ran Litinin cikin sanyin Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Suka zaɓi kunya. A ƙarshen makon nan, 17 da 18 ga wata, aka janye Shuɗɗan Jirage duka.

Abin da ma'aikatan reluwe suka yi cikin kwana biyun nan har yanzu ana ba da labarinsa. Aka bi rumfuna ana tono kawunan jirgin kwal da aka jingine, aka nemo waɗansu daga wurare dabam, aka hura musu wuta. Aka tattaro tsofaffin taragu. Aka kira direbobi da masu zuba kwal, aka sāke rubuta takardar lokaci da jerin aikin kowa. Ran Litinin 19 ga Disamba da safe, mutanen Gilasgo suka sauka ramin Queen Street suka tarar da hayaƙin da suka yi wa sallama, amma dai ga jirgi, suka kuwa je aiki. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Gwamnati ta sa babban mai binciken haɗarin reluwe, Birgediya C. A. Langley, ya bi diddigi. Abin da aka gano shi ne, na'urar zaiba mai miƙar da wuta ta kan yi tuntuɓe wani lokaci, ta bar wuta ta koma da baya. Duk sa'ad da haka ta faru, sai wuta mai yawa ta bugi naɗin wayar da ke cikin tiransifoma. Naɗin kuwa ba a yi shi da ƙarfin jure bugu a kai a kai ba. Sannu a hankali ya yi zafi, rigarsa ta ƙone, man da ke cikin tukunya ya zama iska mai kama wuta, sai fashewa. Na'ura mai juyawa tsakanin bolt 6,250 da 25,000 ita ma an same ta da laifi, don ba kullum ta ke juyawa daidai ba. A lokacin nan kuma sababbin jiragen arewa maso gabashin Landan, masu shan irin wutar nan biyu, su ma suna fama da tasu lalacewar. Dabarar sabuwa ce, an kuwa yi hanzarin fito da ita kafin a gama sanin halinta. Sauri ya haifi nawa.

Aka sāke naɗa tiransifomomi da naɗi mai ƙarfi, aka gyara sauran na'urorin, aka yi ta gwaji ba fasinja. Wata tara da 'yan kwanaki jiragen kwal suna riƙe da hanya. Ran 1 ga Oktoba 1961 Shuɗɗan Jirage suka komo, daga ranar kuwa ba a sāke janye su ba.

SHEKARUN ƘARFI

Da jama'a suka ga abin ya zauna, sai suka amince. A watan Mayu 1962 lantarki ya haye kudancin kogi, jiragen suka fara tashi daga babbar tashar Central suna zagaya da'irar Cathcart, suna zuwa Neilston da Motherwell. A watan Satumba na shekarar nan taragun titi na Gilasgo suka yi tafiyarsu ta ƙarshe. A shekarar dai kuma babban kamfanin Springburn mai ƙera kawunan jirgi, North British, ya rushe, don ya kāsa sabawa da zamanin da ba na tururi ba. Ku duba yadda abu ɗaya ya zama alheri ga mai shiga jirgi, ya zama rashin aiki ga maƙerin tukunyar tururi, a gari ɗaya, a shekara ɗaya.

A 1967 aka kai waya har Gourock da Wemyss Bay, inda fasinja ke sauka su shiga jirgin ruwa zuwa Dunoon da tsibirin Bute. Hanyar nan ta ratsa Greenock, garin da aka haifi James Watt a 1736. Don wannan aiki aka ƙera ƙarin jeri 19 a kamfanin Cravens na Sheffield, kamanninsu ɗaya da na farko har ba kowa ke rarrabewa ba. Su ne aka ba lamba 311. A 1974 aka ƙara hanyar Hamilton. A 1979 aka sāke buɗe rami na biyu na ƙarƙashin birni, wanda aka rufe tun 1964. A hankali kuma injiniyoyi suka gane wuta mai bolt 25,000 ba ta bukatar fili mai yawa kamar yadda aka ji tsoro da fari. Sai aka mai da hanyoyin duka bolt 25,000, na'ura mai juyawa ta zama ba ta da aiki.

Kyan jiragen kuwa ya riƙa raguwa. Kafin 1970 aka fara shafe shuɗin Caledonian da wani shuɗi mai duhu irin na sauran jiragen ƙasar, aka yi wa fuskarsu rawaya don masu aikin dogo su hango su daga nesa. Gilashin nan mai lanƙwasa ma bai daɗe ba. Yaran banza su kan tsaya bisa gada su jefi jirgi da dutse, gilashi ya tarwatse a fuskar direba, sabonsa kuma da tsada. Aka cire shi, aka sa shimfiɗaɗɗe mai tauri. Dubi yadda hannun yaro ɗaya mara tarbiyya ya kan rage wa gari duka abin alfaharinsa.

Bayan 1980 aka kai waɗansu jeri Ingila, suka yi aiki a kewayen Manchesta. Daga 1984 aka ɗauki jeri 50 aka sabunta su: aka huda ƙofa tsakanin tarago da tarago, aka sāke kujeru da fitilu, aka toshe gilashin bayan direba, aka shafa musu ruwan lemo da baƙi, launin hukumar sufurin yankin Strathclyde. Duk da haka tsofaffin fasinja ba su bar ce musu Shuɗɗan Jirage ba.

RANAKUN BAƘIN CIKI

Ba daidai ba ne a ba da labarin bauta a ɓoye hasara. Ga uku daga cikin manyan karon da jiragen nan suka shiga. Ran 16 ga Afrilu 1979, kusa da tashar Gilmour Street ta Paisley, wani jirgi mai shan man dizal da ya fito daga Ayr ya tashi daga tasha alhali sigina na nuna ja, ya yi gaba da gaba da jirgin lantarki mai zuwa Wemyss Bay. Mutum 7 suka mutu. Ran 6 ga Maris 1989, a Bellgrove, jeri biyu na 303 suka yi karo, mutum 2 suka mutu. Ran 21 ga Yuli 1991, a Newton, wani 303 ya haɗu da wani jirgi, mutum 4 suka mutu, cikinsu har da direbobin biyu.

Ba kayan wuta ne suka jawo waɗannan ba. A Paisley da Bellgrove abin da ya faru iri ɗaya ne. In fasinja sun gama shiga, gadi ya kan buga wa direba ƙararrawa sau biyu. Ma'anarta kawai aikin tasha ya ƙare. Izinin tafiya kuwa na sigina ne. Amma mutumin da ya ji ƙararrawan nan sau dubbai, kusan kullum kuwa sigina ta riga ta ba da hanya, wata rana hannunsa zai riga idonsa. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ko da ya ke a nan ba wawaye ya kama ba, ƙwararru ne. A Bellgrove da Newton kuma akwai ƙarin dalili. Don a rage kuɗin gyara, an sāke fasalin mararrabar dogo, har jirgi mai zuwa da mai komowa suna bin ɗan guntun dogo ɗaya bi da bi. Muddin kowa ya tsaya inda aka ce, lafiya lau. Amma in ɗaya ya ƙetare ja, ba inda zai kauce, sai gaba da gaba.

Bayan binciken Newton aka mai da dogo biyu a wurin. Daga baya aka sa wa jiragen Biritaniya wani maɓalli a ɗakin direba, wanda zai danna in ya tsaya gaban jar sigina, jirgi ba zai motsa ba sai ya sake shi. Aka kuma shimfiɗa na'ura a kan dogo mai taka wa jirgi birki da kanta in ya ƙetare ja. Darasin a fili ya ke: mai tsara aiki kada ya gina shi bisa zaton mutum ba zai taɓa kuskure ba.

SALLAMA

Ƙarfe ma yana tsufa. A 1990 sababbin jirage masu lamba 320 suka karɓi yawancin aikin arewacin kogi, aka fara kai tsofaffin da ba a sabunta ba wurin masu yanka ƙarfe. Daga 2001 waɗansu sababbi masu lamba 334 suka iso. Ran 30 ga Disamba 2002 jeri biyu na ƙarshe, 303011 da 303088, suka tashi daga Bellgrove zuwa Helensburgh, bisa hanyar da suka fara bi a 1960, cike da mutanen da suka zo sallama. Cikinsu akwai waɗanda suka yi rige-rigen kujerar gaba suna yara, yanzu ga furfura. An ajiye jeri ɗaya a Bo'ness, wurin masu adana tsofaffin jiragen Sikotlan, don na baya su gani.

Jiragen sun tafi, amma hanyar da suka buɗe tana nan. Wayar da aka ɗaura dominsu ita ce tushen hanyoyin lantarki na kewayen Gilasgo, waɗanda a Biritaniya duka ba masu yawansu in ba na Landan ba. A 2010 aka haɗa Airdrie da Bathgate, har jirgi ya riƙa tashi daga Helensburgh ya ratsa ramin Queen Street ya kai Edinbara. Wutar nan mai bolt 25,000 kuwa, wadda ta ba da kunya a Disamba 1960, ita ce yau jiragen ƙasashe da yawa ke sha.

To, 'yan makaranta, cikinku akwai masu zama injiniyoyi, da akawuna, da shugabannin ma'aikatu. Wata rana aikin da kuka yi alfahari da shi zai nuna aibi bayan an riga an yi biki. Ranar nan ku tuna da mutanen da suka janye jiragensu gaba ɗaya cikin kwana biyu, suka jure dariyar jama'a wata tara, suka gano cutar tun daga saiwarta. Da sun rufe ido don gudun kunya, da wataƙila yau ana tuna Shuɗɗan Jirage da makoki. Da ya ke sun tsaya sun gyara, sai jiragen mako shida suka zama na shekara 42.